Mai Rusau a Bakin Kansa: Tarken Littafin El-Rufa'i Daga Ƙasar Rake

Malam Nasir Ahmad El-Rufa'i yana da suna biyu waɗanda ba a raɗa masa ranar suna ba. Ɗaya shi ya zaɓa wa kansa, ya ɗora shi a bangon littafin da kamfanin Safari Books na Ibadan ya buga masa a 2013, wato The Accidental Public Servant, ma'ana wanda ya tsinci kansa a aikin gwamnati ba da shiri ba. Ɗayan kuwa jama'a ne suka laƙaba masa tun yana ministan Abuja, sunan ya biyo shi Kaduna, ya kuma zauna daram a bakin mutanen Ikara da Makarfi da Kudan: Mai Rusau. Na yi shekaru ina jin ana musu a kan suna na biyu, a teburin mai shayi a Tashar Yari da cikin motocin haya masu shiga Zariya, kafin in zauna in karanta littafin da ke ɗauke da na farko. Da na gama, sai na ga littafin da musun namu cuta ɗaya ke damunsu, ko da yake kowanne yana ganin shi ne maganin ɗan'uwansa. Wannan cuta ita nake so in bi diddiginta a nan.

Da farko dai, me ya haɗa ministan tarayya da siyasar birni? Kafafen watsa labarai na Hausa sun saba kiran shugaban birnin Landan ko na Istambul da magajin gari, ko da yake a Zazzau wannan suna sarauta ce ta 'ya'yan sarki, wadda Sarki Ahmad Nuhu Bamalli ya riƙe kafin ya hau gadon sarauta a 2020. In dai ana nufin mutumin da fili da titi da kasuwa da shara na birni ke hannunsa, to tsakanin 2003 da 2007 El-Rufa'i shi ne magajin garin Abuja. Bambancinsa da na Landan guda ɗaya ne, amma babba ne: ba wanda ya jefa masa ƙuri'a. Tsarin mulkin 1999 ya danƙa ikon zartarwa na Babban Birnin Tarayya a hannun shugaban ƙasa, shi kuma ya wakilta minista. Mazauna birnin suna zaɓen shugabannin ƙananan hukumominsu guda shida, amma takardar mallakar fili daga ofishin minista take fitowa. Duk wanda zai karanta littafin nan ya riƙe wannan a zuciyarsa, domin shi ne ya tsara wa marubucin wanda zai ji tsoro da wanda ba sai ya saurara ba.

Ba zan tauye wa littafin haƙƙinsa ba. A cikin tarihin kai da 'yan siyasar Arewa suka rubuta, da wuya a sami mai ƙarfin halinsa. Al'adarmu ta kunya da kara ta sa irin waɗannan littattafai kan zama jerin gwanon godiya, a yabi malamai, a yabi iyayen gida, a tsallake duk inda aka yi faɗa. Shi kuwa wannan marubuci suna yake kama wa. Ya maimaita zargin da ya yi a 2003 cewa Sanata Ibrahim Mantu da Sanata Jonathan Zwingina sun nemi Naira miliyan 54 kafin a tabbatar da shi minista, zargin da su biyun suka musanta, kwamitin Majalisar Dattawa kuma ya wanke su. Ya ba da labarin tazarcen Obasanjo daga cikin ɗaki, bai kuma ƙyale Atiku Abubakar ko Umaru Musa 'Yar'aduwa ba, wanda ya sani tun a Kwalejin Barewa. Salonsa mai sauri ne, jimlolinsa ba su da kwana-kwana, kuma ya iya kawo zance tsakanin mutum biyu yadda mai karatu zai ji kamar yana laɓe a bayan ƙofa. Littafi ne mai fiye da shafi 600, amma ba ya gundura. Ɗalibin adabi da ke son ganin yadda ake gina tauraro a rubutun da ba ƙagagge ba zai ƙaru da shi ƙwarai.

Sai dai ginin tauraron shi ne wurin da na fara tuntuɓe. Kalmar da aka zaɓa a sunan littafin dabara ce ta mai ba da labari. Yaron da aka haifa a Daudawa a 1960, ya rasa mahaifi yana ƙarami, ya bi ta Barewa, ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya a fannin ƙiyasin kuɗin gini a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kafa kamfaninsa, ya riƙe hukumar sayar da kadarorin gwamnati daga 1999 zuwa 2003, sa'an nan ya zama minista, ba mutum ba ne da iska ta kwaso. Amfanin cewa ba da shiri ya zo ba shi ne a ware shi daga 'yan siyasa, a nuna shi baƙo ne a cikinsu, mai sana'a wanda lissafi kawai ya sani. Da zarar mai karatu ya amince da wannan, to duk wanda ya ja da tauraro ya zama ɗayan biyu, ko ɓarawo ko wanda bai gane ba. Shekara biyu bayan fitowar littafin marubucin ya ci zaɓen gwamnan Kaduna, wanda ba a cinsa bisa tsautsayi.

Akwai tauraro na biyu a sashen Abuja, kuma ba mutum ba ne. Ita ce babbar taswirar birnin, wadda wani kamfanin masu tsara birane na Amurka, International Planning Associates, ya kammala a 1979, shekara uku bayan gwamnatin Murtala Muhammed ta yanke shawarar barin Legas. A cikin littafin taswirar nan tana da matsayin nassi. An gina gida a kan bututun ruwa, an mayar da filin shaƙatawa shaguna, an raba fili ɗaya ga mutum uku, to taswira ta riga ta yanke hukunci, minista zartarwa kawai yake yi. Da wannan hujja aka kafa hukumar adana bayanan filaye a kwamfuta, aka hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, aka kuma saki katafila. Marubucin yana alfahari, kuma yana da dalili, cewa katafilar ba ta san babba ba, tunda har gidan da ake dangantawa da shugaban jam'iyyar PDP na ƙasa na lokacin, Ahmadu Ali, ta taɓa. A ƙasar da doka ke durƙusa wa mai babbar riga, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne abin da masoyansa a garinmu suka fi kafa hujja da shi.

To amma a duba yadda aka raba baki a cikin labarin. Manyan da aka taɓa suna da suna, suna da fushi, suna buga waya, suna kai ƙara fadar shugaban ƙasa, marubucin kuma yana ba su amsa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Idu-Karmo da Chika da sauran unguwannin talakawa da aka share kuwa sun fi zuwa a matsayin matsalar da za a warware: ina za a mayar da su, nawa za a kashe, wa ya cancanci diyya, wa bai cancanta ba. Wata ƙungiyar kare haƙƙin mazauni mai suna COHRE, tare da takwararta ta Najeriya SERAC, sun ƙiyasta a rahotonsu na 2008 cewa mutanen da aka tayar a Abuja daga 2003 zuwa 2007 sun kai 800,000. Ana iya jayayya da adadin, amma ko an raba shi biyu ya fi ƙarfin a ce kuskuren lissafi ne. A cikinsu akwai 'yan ci-rani irin na ƙauyukanmu, masu tura ruwa da masu gadi da 'yan acaɓa, waɗanda suka gina birnin da guminsu alhali taswirar ba ta tanadar musu wurin kwana ba. Ba ina cewa marubucin mugu ne ba. Abin da nake cewa magana ce ta zubi: mai ba da labari yana jin muryar wanda zai iya cire shi daga kujera, kuma a Abuja wannan mutum ɗaya ne, yana zaune a Aso Rock. Saura duk ana ganinsu daga sama, kamar yadda ake ganin rufin kwano a hoton da aka ɗauka daga jirgi.

Ba a kansa aka fara ba. Baron Haussmann, wanda Sarki Napoleon na Uku ya naɗa ya riƙe birnin Faris daga 1853 zuwa 1870, ya rushe tsofaffin unguwanni, ya shimfiɗa manyan titunan da ake zuwa kallo yau, ya tura talakawa bayan gari, da ya tsufa kuma ya rubuta tarihin kansa don ya wanke sunansa. Har gobe Faransawa ba su gama musu a kansa ba. Abin lura shi ne, shi ma naɗaɗɗe ne, kuma sai a 1977 Faris ta sami zaɓaɓɓen magajin gari irin na yau. Birnin da ake ganin ya fi ƙarfin a bar wa mazaunansa yakan haifi irin wannan ma'aikaci, shi kuma yakan haifi irin wannan littafi.

Abin da ya sa littafin ya zama namu, mu mutanen arewacin Kaduna, shi ne abin da ya biyo bayansa. Yankin nan uku ba 'yan kallo ba ne a siyasar jiha. Makarfi ta ba da gwamna, Ahmed Mohammed Makarfi, daga 1999 zuwa 2007. Kudan ta ba da Isa Ashiru, wanda ya tsaya wa PDP takarar gwamna a 2019 da 2023, ta kuma ba da Sanata Suleiman Hunkuyi, wanda ya yi tafiya ɗaya da El-Rufa'i a 2015 kafin su raba gari. Ranar 20 ga Fabrairu, 2018, hukumar tsara birane ta jiha ta rushe wani gini na Sanata Hunkuyi a titin Sambo cikin Kaduna. Ginin shi ne ofishin ɓangaren APC da ya yi shelar dakatar da gwamna daga jam'iyya kwanaki kaɗan kafin nan. Gwamnati ta ce an saɓa ƙa'idar amfani da fili, ba a kuma biya harajin ƙasa ba. Mutanen sanata suka ce ramuwar gayya ce. A watan da ya biyo baya Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da rancen Dala miliyan 350 da jihar ta nema daga Bankin Duniya, sanatocin Kaduna uku kuma duk suna cikin masu ƙin.

Na tuna yadda maganar ta cika ko'ina a makon, kuma na tuna abin da ya dame ni daga baya. Wanda ya karanta littafin zai gane hujjar gwamnati nan take, domin ita ce hujjar Abuja ba a canza mata ko wasali ba: doka ce, takarda ce, ba ruwanmu da ko wane ne. Sai dai a wannan karo lokacin da aka zaɓa ya sa hujjar ta yi rauni, domin dokar da ta yi shekaru tana barci ba ta farka ba sai da mai ginin ya zama abokin gaba. Wannan shi ne gibin da ke cikin tunanin littafin gaba ɗaya. Taswira ba ta tuƙa katafila, mutum ne ke zaɓar gidan da za a fara da shi da ranar da za a je. Mu kuma namu laifin shi ne ba mu ɗauki rusau a matsayin abin da ya shafe mu ba sai da ya taɓa ginin sanata. 'Yan'uwanmu da suka dawo daga Abuja da katifa a ka shekara goma sha biyu kafin nan ba su sami ko rabin wannan zance ba. Ashe mu ma manya kaɗai muke ba baki a labarinmu.

Inda musun ya fi zurfi, kuma inda na fi ganin kowane ɓangare da gaskiyarsa, shi ne batun hakimai. A 2001, zamanin Gwamna Makarfi, an ƙirƙiro sababbin masarautu da gundumomi da yawa a jihar. A Yunin 2017 gwamnatin El-Rufa'i ta mayar da gundumomin daga 390 zuwa 77, yawan da suke kafin 2001, ta kuma mayar da dagatai 1,429. Dalilin da aka bayar lissafi ne: ƙananan hukumomi ke biyan albashinsu, kuma nauyin ya hana su yin komai. Wanda ya san yadda sakatariyar ƙaramar hukuma ke zama kango bayan an biya albashi ba zai ce ƙarya ne ba. Amma a ƙauyen da ke noman rake ko tumatir, dagaci shi ne wanda ya san iyakar gonar wane da ta wane, shi ake tasa da dare in shanu sun shiga fadama, shi ne kuma ke sanin baƙon da ya sauka. Ɗan Makarfi ya ba garuruwa rawani don a zauna lafiya, marubucinmu ya karɓe don asusu ya daidaita, kuma a duka biyun daga Kaduna aka yanke hukunci aka aiko. Littafin yana da harshe mai kaifi na bayyana abin da ake iya ƙirgawa. Ba shi da kalma ga abin da dagaci ke yi da tsakar dare, domin ba ya shiga jadawali. Haka aka yi da malaman firamare 21,780 da aka ce sun faɗi jarrabawa a 2017, da dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi da aka sallama a 2021 har ƙungiyar ƙwadago ta tsayar da jihar cak a watan Mayu.

Akwai abu ɗaya da masu kiransa Mai Rusau ba su cika son a tuna musu ba, adalci kuma ya sa in faɗa. A zamaninsa ne, ranar 12 ga Mayu, 2018, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, karo na farko a Najeriya, aka kuma maimaita a Satumbar 2021. An yi ƙorafe-ƙorafe, amma jam'iyyar adawa ta ci wasu kujeru, har a 2021 ta ci akwatin da gwamnan kansa ya jefa ƙuri'a a Unguwar Sarki. A zaɓen 19 ga Oktoba, 2024, bayan ya sauka, aka koma ƙuri'ar takarda, jam'iyya mai mulki ta kwashe shugabanni 23 da kansiloli 255 ba ta bar ko ɗaya ba, 'yan adawa kuma suka yi watsi da sakamakon. Sai dai gwamnatin da ta kawo na'urar ita ce a 2021 ta kafa hukumomin raya biranen Kaduna da Zariya da Kafanchan ƙarƙashin naɗaɗɗun shugabanni, wato ƙananan Abuja guda uku a kan zaɓaɓɓun ciyamomi. Mutumin ya yarda da ƙuri'a mai tsabta, amma in aikin birni ya zo ya fi amincewa da wanda ya naɗa. Wannan saɓani ya fi duk abin da ke cikin littafin ban sha'awa, kuma da marubucin ƙagaggen labari ne ya samu irin wannan tauraro, a nan zai kafa jigonsa.

Yanzu in dawo kan cutar da na ambata. Littafin labarin mutum ɗaya ne mai gyara a tsakiyar maɓarnata. Musunmu labarin mutum ɗaya ne mai ɓarna, ko mai gyara, gwargwadon teburin da ka zauna. Duka biyun sun yarda cewa makomar gari tana hannun jarumi guda, abin da ya rage kawai a tantance ko na Allah ne. Ana cikin haka sai aka manta da wanda ya kamata ya zama magajin garinmu na gaskiya. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwa da tasha da mayanka da maƙabarta da kwashe shara da rajistar haihuwa, da hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. Waɗannan su ne rayuwar mai kai rake kasuwar Makarfi da mai jiran motar tumatir a Ikara da mai dafa mazarƙwaila a ƙauyukan Kudan. Na sha jin an kwana ana gardama a kan gwamna, amma ban taɓa zama inda aka yi rabin sa'a ana tambayar nawa ya shigo asusun ƙaramar hukuma a watan jiya ba, ko ina harajin kasuwa ke tafiya. Tun gyaran 1976 da ya kawo ƙarshen En'e ake cewa an kawo mulki kusa da jama'a, amma asusun haɗin gwiwa ya sa ciyaman ya zama mai jiran abin da aka sammasa daga gidan gwamnati. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. A teburan shayin da na sani, hukuncin bai yi kwana uku a baki ba.

Wani abu kuma da ya shafi ɗaliban adabi kai tsaye shi ne harshe. An rubuta littafin da Ingilishi, don masu karatu na Abuja da Legas da ƙasashen waje, waɗanda a gabansu marubucin ke son wanke kansa bayan binciken Majalisar Dattawa na 2008 da zaman gudun hijira. Mafi yawan masu musu a kansa a yankinmu ba su taɓa riƙe shi ba. Abin da ya iso gare su ya biyo ta rediyo ne da waƙoƙin kamfe, waɗanda aikinsu zuga ne ko zambo, kuma dukansu ba su da wurin ajiye mutum mai fuska biyu. Shi ya sa suna biyun da na fara da su ba su taɓa haɗuwa a zance ɗaya ba: mai suna na farko bai ji Hausar masu kiransa da na biyu a matsayin hujja ba, su kuma ba su ji Ingilishinsa ba sam. Zan so a fassara littafin nan zuwa Hausa yadda yake, ba a rage masa kaifi ba, a karanta shi a Hunkuyi da Ikara, domin masu sukarsa su san ainihin abin da suke suka. Zan fi so kuma a sami wanda zai zauna da ɗan acaɓan da ya dawo gida a 2006, da dagacin da aka sauke a 2017, da tsohon ciyaman da ya san yadda ake sa hannu a takardar kuɗin da bai gani ba, ya rubuta abin da suka faɗa da sunayensu, tun suna da rai.